Rabon Haruffa

Asa ya sake zuba haruffan dalma a kan sikeli, ya jira ya daidaita, sannan ya juye su cikin buhun da ke gefensa.

"Wannan nawa ne," in ji shi. "Na gaba naka."

Lemuel Hartsock bai ɗago kai ba. Yana zaune a kan doguwar kujerar da yake hawa in zai jera shafi, yana kankare busasshiyar tawada daga farcensa. Tun sassafe suke wannan rabo. Shekara ashirin da biyu ke nan shi da Asa Pickerell, ƙanin marigayiya matarsa, suna buga jarida ɗaya, Fitilar Yamma, a wannan ɗaki da ke garin Belden, bakin kogin Ohio. Yau, Alhamis ta biyu a watan Maris na 1825, amalanke na jira a ƙofa don ya kwashi rabin kayan.

"Yaya, ka taso ka duba mana. Kar gobe ka ce na cuce ka."

"Ai cuta an gama ta tun ranar da na auri yayarka aka haɗo mini da kai cikin kayan ɗaki."

Asa ya yi 'yar dariya, ta mutu nan take. Da a da ne, da ya mayar da wadda ta fi ta, su yi ta yi har takarda ta bushe a hannunsu. Ya jawo akwatin manyan baƙaƙe ya tsaya yana kallonsa.

"Kwashe J ɗin gaba ɗaya," Lemuel ya ce. "Kai ne za ka riƙa rubuta Jackson sau arba'in a shafi guda."

"Kai fa? Shugaban naku ba John ne sunansa ba?"

"Ba nawa ba ne ni kaɗai, har da kai. Bar mini biyu."

Asa ya bar masa uku.

Abin da ya kawo su nan bai wuce wata guda ba. Bara mutum huɗu suka nemi shugabancin ƙasa, dukansu 'yan jam'iyya ɗaya, domin tun da 'yan jam'iyyar Federalist suka watse babu wata jam'iyya a ƙasar sai tasu. Janar Jackson ya fi kowa ƙuri'a, amma bai kai rinjayen da doka ta nema ba. Magana ta koma majalisar wakilai, majalisa ta ɗauki Adams, shi John ɗin da Asa ke nufi. Da labari ya iso Belden a jirgin ruwa, rabin gari suka ce ciniki aka yi da kujerar minista, aka sayar da zaɓin talakawa. Lemuel ya rubuta cewa ko da ciwo, tsarin mulki aka bi, a yi haƙuri a jira shekara huɗu, kada a yaga jam'iyya saboda mutum ɗaya. Asa ya karanta rubutun sau biyu, ya ajiye, ya ce hannunsa ba zai jera wannan ba. Lemuel ya jera abinsa da kansa. Bayan mako biyu mutanen Janar suka sayo tsohon injin buga takarda daga Pittsburgh, suka ce wa Asa ya zo ya riƙe musu sabuwar jarida.

Suka ɗora buhunan da akwatunan a amalanke su biyu. Dusar ƙanƙara ta narke, titi ya zama taɓo har idon sawu. Mai amalanke ya kaɗa dokinsa, ya yi kwana, ya tsallaka titi, ya tsaya a ƙofar tsohon shagon sirdi da ke kusa da maƙera. Tafiyar ke nan. Daga tagarsa Lemuel na iya karanta allon da aka kafa jiya: Muryar Manomi.

Asa ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hularsa.

"To, Yaya."

"To."

"In ka rasa wani abu..."

"Na san hanya. Ba zan ɓata ba."

Da rana ta yi tsaka ya wanke hannu ya nufi masaukin Uwargida Tibbs, inda yake cin abincin rana tun rasuwar matarsa Keziah. A ɗakin cin abincin akwai dogon tebur da 'yan jam'iyya ke zama tun kafin a gina coci. A kansa aka tsayar da kowane ɗan majalisa da gundumar ta taɓa aikawa, a kansa aka sha giyar tuffa ranar da aka ji yaƙi da Ingila ya ƙare. Yana shiga ya ga tebur biyu, ɗaya wajen murhu, ɗaya wajen taga, da fili a tsakani. Sai yau ya san ashe dama biyu ne aka haɗa aka lulluɓe da ƙyalle.

Uwargida Tibbs ta miƙa masa kwanon wake da naman alade da yankan burodin masara. Ta yi ƙasa da murya.

"Ba ni na raba ba, Mista Hartsock. Jiya saura kaɗan a fasa mini tulu a kan mutum."

Ya tsaya da kwano a hannu. Hira ta yanke a tebur biyun. A na wajen taga, Gideon Mapes maƙeri ya jingina da kujera yana murmushi.

"Tsoho, zaɓen kujera ya gagare ka ne? Mu aika majalisa su zaɓa maka."

Mutanensa suka bushe da dariya.

"Gideon, ka bari sai ka koyi karatu sannan ka yi mini zancen majalisa."

"Ai yanzu zan koya. An samu jaridar da ta cancanci a karanta."

Daga wajen murhu Alƙali Crandall ya ɗaga hannu, ya ja kujerar da ke kusa da shi. Lemuel ya je, amma bai zauna ba. Alƙalin ya zaro takarda daga aljihun kwat ɗinsa ya shimfiɗa ta kusa da kwanonsa.

"Mun ji an bar ka kai kaɗai. Ba komai, muna nan. Wannan za ka sa a shafin farko gobe."

Lemuel ya karanta a tsaye. An kira Janar mahauci, an ce duk wanda ya bi shi ɗan iska ne mai neman a rushe ƙasa, an ambaci sunan mutum shida na garin Belden, har da Asa.

"Ranka ya daɗe, waɗannan shidan da su muka ɗaga jigon rufin gidanka."

"Wancan zamanin daban."

"Watan Satumba ne fa."

Wani a teburin ya yi tari. Alƙalin ya cire tabarau ya goge a hankali.

"Mista Hartsock, jam'iyyar da kake wa gadi ta mutu. Ba mu muka kashe ta ba, amma ta mutu. Yanzu mu ne da su. Mutum ba ya tsayawa a tsakiyar ɗaki da kwano a hannu har abada."

"Zan buga jawabin shugaban ƙasa duka, ba zan cire ko kalma ba. Wannan kam ba zan buga ba."

"To sai mu nemi mai bugawa daga garin Marietta. Ba na so a kai ga haka, don na san ka tun kana da gashi."

Ya naɗe takardarsa ya mayar aljihu. Kujerar da ya ja tana nan, amma ya riga ya juya yana magana da na damansa. Lemuel ya dubi ɗakin. Babu fuskar da bai sani ba. Ya buga sanarwar aurensu, da ta haihuwar 'ya'yansu, da ta shanunsu da suka ɓata. Ya ce wa Uwargida Tibbs zai dawo mata da kwanon, ya fita da abincinsa.

A shago ya ci rabi ya rufe sauran. Gobe ranar fitar jarida ce, kuma a shekara ashirin da biyu Fitila ba ta taɓa fashi ba, ko a makon da aka binne Keziah.

Injin buga takarda aikin mutum biyu ne. Ɗaya na riƙe da dunƙulen fata biyu yana shafa tawada a kan haruffa, ɗaya na shimfiɗa takarda, ya tura, ya ja sandar ƙarfe, ya zare. In hannu ya saba, ba a magana, ba a ma kallon juna. Lemuel ya shafa tawada, ya ajiye dunƙulen, ya goge hannu don kar ya ɓata takarda, ya zagaya, ya shimfiɗa, ya ja. Ya zare, ya rataya a igiya, ya sake zagayowa. Kafin ya dawo tawadar ta fara daskarewa saboda sanyi. A ja na goma sha biyu kafaɗarsa ta dama ta amsa. Asa ne mai ja tun suna samari, shi mai shafawa. Sau biyu ya sami kansa ya miƙa hannu gefe ba tare da ya duba ba, yana jiran a karɓi abu.

Bai taɓa lura ɗakin na da amsa kuwwa ba sai da akwatuna suka ragu.

Wajen la'asar aka ƙwanƙwasa. Jerusha ce, matar Asa, da ƙaramin kwando a hannu, ƙasan rigarta duk taɓo.

"Yaya, sannu da aiki. Ga wainar tuffa, da zafinta."

"Mijinki ya san kina ciyar da abokan gaba?"

"Mijina bai san inda safarsa take ba, balle waina."

Ta ajiye kwandon, ta dubi 'yan takardun da ke rataye a igiya, ta dubi tulin da ba a taɓa ba. Ta gyara mayafinta, ta sake gyarawa.

"Faɗi abin da ya kawo ki, Jerusha."

"Zancen Lahadi ne." Ta kawar da ido. "'Yan kwamitinsu za su ci abinci a gidanmu bayan coci. Su Gideon. Na ce masa ai kujerarka kujerarka ce, shekara huɗu ba ka taɓa fashi ba. Ya ce ka haƙura da zuwa, ba don shi ba, don kai ne, kar a faɗa maka magana a gaban yara."

"Ya yi gaskiya."

"Wannan Lahadin kawai."

"Na ji."

"Zan aiko maka da naka."

"Ki aiko da ƙashi-ƙashin, kin san ni."

Ta taɓa hannun rigarsa ta fita. Ya bi ta da kallo ta taga har ta tsallaka. Ya san kwamiti ba ya zama sau ɗaya. Shi ma ya yi sakataren kwamiti shekara tara.

Ya koma bakin inji. Ya buga kamar talatin, rana ta karkata ta shigo ta tagar yamma, lokacin da aka turo ƙofa ba sallama. Asa ne, hannun riga a naɗe, goshi da baƙin mai. Ya tsaya nesa da inji kamar baƙo.

"Ka manta wani abu ne?"

"A'a." Ya nuna tsallaken titi da kai. "Injin can ne. Gefe ɗaya na fita baƙi ƙirin, ɗaya kamar ba a taɓa ba. Na kwance na ɗaure sau uku. Na yi musu alkawarin fitowar farko gobe a wajen taro."

"Gideon ba maƙeri ba ne?"

"Ya zo da guduma. Da ƙyar na raba shi da ita."

Lemuel ya dubi nasa tulin takardun. In ya tsaya yanzu, ba zai gama kafin safiya ba ko da zai kwana a tsaye. Ya dubi Asa, wanda bai roƙa ba kuma ba zai roƙa ba. Ya ɗauki ƙaramar wuƙarsa da guntun kwali, ya saka kwat.

Shagon sirdin har yanzu warin fata yake. Babu kowa, 'yan kwamiti sun tafi masauki su jiƙa maƙoshi. Lemuel ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin injin, ya shafa dutsen da haruffa ke zama a kai, ya girgiza ƙafafun ɗaya bayan ɗaya.

"Injin lafiyarsa lau. Daɓen ne ya karkace. Ɗaga nan."

Asa ya sa kafaɗa ya ɗaga, Lemuel ya cusa ɓawon katako ƙarƙashin ƙafar hagu, ya yanka kwali ya liƙa inda ya kamata. Bai tambaya ba ya ɗauki dunƙulen tawada, ya murza su da juna har suka yi sautin da yake so, ya shafa. Asa ya shimfiɗa, ya tura, ya ja. Takarda ta fito tas daga gefe zuwa gefe.

"Shi ke nan," in ji Asa.

"Wa zai shafa maka?"

"Gideon ya ce zai gwada."

Lemuel ya sake murza dunƙulen. "Kawo takarda."

Suka ci gaba. Shafa, shimfiɗa, ja, zare. Kafaɗar Lemuel ta daina ciwo, ko kuwa ya daina jin ta. Igiyoyi suka fara cika. Asa ya soma gunguni cikin hanci da wannan waƙar cocin da bai taɓa iya ta daidai ba, sai ya tuna, ya yi shiru.

Mai jera haruffa yana karanta su a juye kamar yadda kowa ke karanta takarda, ko yana so ko ba ya so. A shafawa ta ashirin da wani abu idon Lemuel ya sauka a layi na biyu na shafin farko. Hannunsa ya tsaya.

An rubuta cewa akwai wani tsoho a garin nan da ya shekara ashirin yana cin abincin talakawa, da ranar gwaji ta zo sai ya sayar da alƙalaminsa ga masu kwat ɗin siliki. An ce fitilarsa ta ƙare mai, hayaƙi kawai take yi. An kira sunansa.

Asa ya ga inda yake kallo. Ya saki sandar.

"Yaya..."

"Miƙo mini tsinke."

"Me?"

"Tsinken gyara. Da c guda."

Asa ya miƙa masa, bai gane ba. Lemuel ya sassauta shafin, ya cusa harafin tsakanin o da k, ya matsa layin ya daidaita, ya sake ɗaurewa.

"Hartsock da c ake rubuta shi. Waɗanda muka buga sai a sa su a ƙasan tuli."

"Ba ni na rubuta ba. Lauya ne, na kwamiti."

"Na sani. Da kai ne da ya fi haka daɗin karatu."

"Na ce musu a cire sunan. Suka ce in ba suna, ba jarida."

"Amma ka jera."

Asa ya dubi dutsen. Ya dubi hannunsa.

"Na jera," ya ce daga baya. "An sace mana zaɓe, Yaya. Har gobe a kan haka nake."

"Ban ce ka sauka ba. Tawada na bushewa."

Suka buga ɗari biyu da wani abu. Rana na dab da faɗuwa, haskenta ya yi ja a kan takardun da ke rataye, sai suka ji muryoyi daga wajen masauki, ana tahowa ana dariya, muryar Gideon ta fi ta kowa. Asa ya ɗago kai. Ya dubi ƙofar gaba, sannan idonsa ya zame zuwa ta baya, ya yi saurin ɗauke shi.

Lemuel ya ajiye dunƙulen a mazauninsu, fuska sama yadda ba za su kwashi ƙura ba. Ya ɗauki kwat ɗinsa.

"Saura kaɗan. Ka ce wa Gideon ya riƙa dannawa, kar ya goga. Ba doki yake wa wanka ba."

"Yaya, ba korar ka nake ba."

"Wa ya ce kora ce? Iska nake so."

Ƙofar baya ta fitar da shi cikin garken dawakin maƙera. Ya bi ta bayan rumbun Uwargida Tibbs, ya zagaya ta gefen coci, ya biyo hanyar bakin kogi, taɓo na kama takalminsa, sannan ya ɓullo babban titi ta can ƙasa kamar wanda ya fito daga mashigin jirgi. Ya tako a hankali zuwa ƙofar shagonsa.

A ɗaya gefen an kunna fitila. Mutane sun cika ƙofar, ana miƙa takarda hannu zuwa hannu. Gideon ya hango shi, ya ɗaga tasa sama da hannu biyu, a juye.

"Tsoho, ka ga aiki? Dubi baƙi, dubi tsabta. Shekara ashirin ba ka taɓa fitar da irin wannan ba."

Lemuel ya tsaya da mabuɗi a hannu, ya dubi takardar daga inda yake.

"Ta yi kyau," ya ce. "Wanda ya shafa tawadar ya san aikinsa."

Ya buɗe ƙofa ya shiga.